Sauti ya ƙi tsayawa a VCV Rack, ina matsalar take?

Na Ringim:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon haɗa sauti da manhajar kiɗa ta VCV Rack a kwamfutar shagon cajinmu, na jona osileta (mai samar da sautin) da sifika sai kuka kawai take wiiii ko na danna kibod ko ban danna ba, dan Allah mene ne aikin get da ADSR ɗin nan?

Ɗan Gumel:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ai osileta ba ta shiru, dole sautinta ya bi ta VCA, wato mai ƙara ko rage ƙarfin sauti. Get wuta ce kawai, in ka danna maɓalli ta hau misali bolt 10, tana nan sama har sai ka ɗaga yatsa ta koma 0. Ita za ka kai wa ADSR, mai tsara yadda sauti zai hau ya sauka, fitar ADSR kuma ka soka a ramin CV na VCA, wato inda wutar da ke sarrafa shi take shiga.

Bakazaure:
Haka ne yallaɓai. Cikin haruffan ADSR, A shi ne lokacin da sauti ke ɗauka ya hau, D ya ɗan sauko, R jelar da ke biyo baya in ka saki. Amma S ba lokaci ba ne, matakin ƙarfi ne da sautin zai zauna a kai muddin get na sama, a nan wlh mutane da yawa ke ruɗewa. Kuma get daban tiriga daban duk da ita ma wuta ce, tiriga bugun kalangu ce tau ta wuce, get kuwa busa algaita. In ka ba ADSR tiriga alhali A na da tsawo da ƙyar za ka ji komai.

Na Ringim:
Alhamdulillah ya yi shiru yanzu, Allah ya saka da alheri yaya. To in na kai ADSR ɗin kan filta mai tace sauti fa?