Gidan haya mai kicin a tsohon garin Zanzibar: wanne ya dace da iyali?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san Zanzibar. Maigida ya ce idan yara sun yi hutu za mu je, mu biyar har da Hajiyarsa. Otal ba zai yi mana ba, Hajiya ba ta cin girkin waje, ga ciwon suga ana lallaɓawa. Gida nake so mai kicin a cikin Stone Town, kusa da bakin teku. Hotunan da na gani a Airbnb, shafin hayar gidaje na intanet, duk sun yi kyau, na rasa na zaɓa.

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Kafin maganar teku, Hajiya tana iya hawa bene? Gidajen garin tsofaffi ne, yawancinsu ginin ƙarni na 19, hawa biyu ko uku, matakalar katako ce mai tsayi kuma matsattsiya. Duk ɗakin da kika ga ana hango teku ta tagarsa, to a can sama yake. Ki tambayi mai gidan hawa na nawa ne, ya turo miki bidiyon matakalar tun daga ƙofar shiga.

Maman Hanifa: Kai, gwiwa kam sai a hankali. Hawa ɗaya ma sai ta huta a hanya.

Baban Khalil: To ki haƙura da hangen teku daga kan gado. Garin ƙarami ne, duk inda kuka sauka tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa bakin ruwa.

Anti Rabi: Ni dai kada ki ɗauki hawan ƙasa ƙanwata. Bangon gidajen da dutsen teku da farar ƙasa aka gina shi, yana shan danshi, ga lungun a matse, rana ba ta shiga. Ɗakin ƙasa sai ki ji yana warin raɓa, sauro kuma a nan yake taruwa. Hawa na farko shi ne daidai, Hajiya ta daure ta hau sau ɗaya a yini. Kuma ki tabbatar akwai gidan sauro a kowane gado.

Alhajin Kwari: Abin da ba a faɗa muku ba shi ne mota ba ta shiga. Lungunan kamar na cikin birnin Kano ne, wajen Kurmi, babur da kura kawai ke ratsawa. Tasi za ta ajiye ku a bakin titi, sai a ɗauki kaya. Da tsohuwa, ku nemi gidan da ke gefe, wajen Shangani ko Vuga, inda mota ke kaiwa kusa da ƙofa. Hurumzi da Kiponda sun fi daɗin kallo, amma a ƙurya suke. Ku ce mai gidan ya aiko yaro ya tarye ku, don taswirar waya ma ruɗewa take yi a ciki.

Anti Rabi: Alhaji, Shangani fa akwai tsada, can manyan otal suke. Mai girki kuma kasuwa take nema. Ni Mkunazini na zauna, kusa da cocin Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. Daga nan kasuwar Darajani taku kaɗan ne.

Alhajin Kwari: Ke kin je da ƙafarki lafiya lau ne Hajiya Rabi. Ita tsohuwa za ta kai.

Anti Rabi: Ai Mkunazini ma mota na zuwa bakin cocin. Maman Hanifa bari in ba ki lissafin kasuwa. Ki je Darajani da sassafe, lokacin kifi yana sabo. Akwai alayyafo, su mchicha suke ce masa, akwai kuɓewa ɗanya, gauta, tumatir, albasa, kwakwa kuwa har sai kin ture. Garin masara ko'ina ana sayarwa saboda ugali suke tuƙawa da shi, don haka tuwon Hajiya ba matsala. Naman shanu da na akuya yankan Musulmi ne, ba sai kin yi ta tambaya ba. Abin da za ki ƙullo daga gida shi ne kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yajinki. Manja ma ban ci karo da shi ba. Kanumfari, kirfa da masoro kuwa kada ki ɗauko, a can ake noma su, sai dai ki yo tsaraba. Sannan kada ki ƙulle kayan a baƙar leda, Tanzaniya ta hana leda tun 2019. Ki zuba a robobi masu murfi, ki tafi da jakar yadi ta cefane.

Ɗan Agadas: Ku ƙara da tambayar me ake nufi da kicin. Wani gidan da na kama, kicin ɗin bai wuce butar lantarki da ƙaramin firij ba. Ki ce ya ɗauko miki hoton murhun, na gas ne ko na wuta, da tukwane da girmansu. Idan na wuta ne, ranar da aka ɗauke sai dai a ci burodi. Ki tambayi ruwa kuma: akwai tanki a sama? Famfon wasu gidajen yana ɗan gishiri-gishiri, na sha da na shayi sai an sayo na gora. Mita ta kati ce a gidaje da yawa, ku yi magana tun farko wa zai riƙa sayen wutar, don na'urar sanyaya ɗaki tana lashe ta. Soket irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, cajarku za ta shiga.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Wallahi ban kawo zancen ruwa a raina ba. Hayaniya fa? Na ga wani gida dab da Forodhani, lambun shaƙatawa na bakin teku.

Baban Khalil: Forodhani wurin zuwa ne da yamma, ba wurin kwana ba. Da magariba ake shimfiɗa teburan gashi, tsire irin nasu, ruwan rake, da miyar nan mai tsami da suke kira urojo, samari na ta tsalle suna faɗawa teku. Yara za su so shi. Tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina tana nan a gefe. Beit al-Ajaib, fadar Sarki Barghash, ginin 1883, wani sashensa ya rufta a Disambar 2020, don haka kada ki yi wa yara alkawarin shiga sai kin ji halin da ake ciki. Masallaci kuwa kusan kowane lungu akwai, maigida ba zai rasa jam'i ba.

Malam na Zariya: Gida dai kun gama shi, saura takardu. Mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga masa bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema kuma amsa tana jinkiri. Kada ku biya kuɗin gidan da ba a mayarwa sai biza ta fito. Tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar hukumarta, dala 44 ga babba, ko da kuna da wata. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Akwai kuma harajin kwana da ake karɓa a kan kowane baƙo, ku tambaya ko yana cikin kuɗin hayar.

Alhajin Kwari: Wane hutun ne ma? Idan na Afrilu ne, tsakiyar babbar daminarsu ke nan, daga Maris zuwa Mayu. Lunguna su cika da ruwa, wanki ya ƙi bushewa.

Maman Hanifa: Dogon hutu ne Alhaji, watan Agusta.

Alhajin Kwari: Madalla, lokacin akwai iska, zafi da sauƙi. Sai dai Turawa sun cika gari, gidaje masu kyau da wuri suke ƙarewa.

Ɗan Agadas: Idan mai gida ko direba ya ba ku lokaci da Sawahili, ku sake tambaya. Ƙirgensu daga wayewar gari yake farawa, ƙarfe bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗayansu. Ku ce ya rubuta yadda agogon waya ke nunawa.

Maman Hanifa: Na tura wa masu gida biyu tambayoyin. Na Mkunazini ya amsa, hawa na farko ne, murhun gas, akwai tanki, amma banɗakin duk na zama ne kuma ba famfon tsarki. Anti Rabi, ana samun buta a Darajani ko in taho da tawa?

Anti Rabi: Ki taho da ta Hajiya dai, kin san tsofaffi da butarsu. Ta yara kya saya a can.