Neman shawara: Maigidana likita ne, dattawan gari suna so ya ajiye aiki ya fito takara

Uwargidan Likita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawararku, musamman waɗanda suka san aikin asibiti da waɗanda suka taɓa shiga harkar siyasa. Maigidana likita ne a babban asibitin ƙaramar hukumarmu. Su biyu ne kacal likitoci a wurin, kuma shi ne yake yi wa mata tiyata idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare. Tun bayan babbar sallah dattawan gari suke zarya gidanmu, wai sai ya fito takarar majalisar wakilai ta tarayya, domin a cewarsu babu gidan da alherinsa bai shiga ba a yankin. Da farko dariya yake yi, yanzu kuwa na ga maganar ta zauna masa a rai.

Ya ce ya gaji da rubuta maganin da babu shi a asibiti, ya gaji da ɗinke mace da hasken waya saboda babu man janareta. Ya ce gyaran yana hannun masu rabon kuɗin gwamnati, can ya kamata likita ya je ya zauna. Kullum sai ya kawo mini misalin Dakta Dalhatu Sarki Tafida, wai likita ne kamarsa, ya yi ministan lafiya, ya yi sanata. Ni kuwa tsoro nake ji. 'Ya'yanmu huɗu, albashinsa ne abin dogaronmu, gidan da muke ciki ma na asibiti ne. Shin wannan hanya mai ɓullewa ce? Kuma yaya zan yi masa magana ba tare da ya ga kamar ina tare masa ci gaba ba?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. 'Yata, tunda Tafida ne madubin mijinki, bari in jera miki tarihinsa, ki kai masa ya duba da idon basira. An haife shi a Zariya a 1940. Ya yi karatun likita a Jami'ar Legas, ya gama a 1967. Ya daɗe yana aikin asibiti, ya kai ƙwararren likita a ma'aikatar lafiya ta jihar Kaduna, har ya riƙe babban sakatarenta. A 1980 ya zama likitan Shugaba Shehu Shagari, yana wannan aiki har sojoji suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983. Bayan nan ya yi kwamishina a Kaduna, ya riƙe lafiya da aikin gona da ilimi. Ministan lafiya kuwa ya yi shi ne daga 1993 zuwa 1995, zamanin Janar Abacha.

To ki lura, duk waɗannan muƙamai naɗa shi aka yi, babu wanda ya samu da ƙuri'a. A 1999 ya tsaya takarar sanatan Kaduna ta Arewa a PDP, yana da shekara 58, fiye da shekara 30 bayan ya zama likita. Ya ci, ya sake ci a 2003, ya zama shugaban masu rinjaye na majalisar dattawa har 2007, daga baya aka tura shi jakadan Najeriya a Birtaniya.

Ranar da ya je neman ƙuri'a ya riga ya san yadda ake haɗa kasafin kuɗi, ya san yadda takarda ke kwana a teburin wani jami'i har shekara ta ƙare, ya san manyan ƙasar nan su ma sun san shi. Da ya faɗi a 1999, babu abin da zai hana gidansa cin tuwo. Mijinki ya tambayi kansa ko shi ma haka yake. Ban ce kada ya yi ba, amma ya dubi shekarun da Tafida ya kwashe kafin kujerar sanata.

Maman Sadiya:
Allah ya zaɓa muku mafi alheri. Ku yi istihara ku biyun, kuma kada ki bari a sayar da fili ko mota kafin ku ga inda aka dosa.

Sista Mai Ritaya:
Ƙanwata, ni nas ce, na fara aiki zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi ba. Likitan yara ne, ya daɗe yana koyarwa a asibitin Jami'ar Legas, Janar Babangida ya naɗa shi a 1985, ya riƙe har 1992. Mutumin nan ya san abin da ke kashe yaranmu: gudawa, ƙyanda, zazzaɓi, tamowa. Saboda haka bai ɓata ƙarfinsa wajen manyan gine-gine ba, ya koma kan ƙananan asibitocin karkara. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 aka fara gwajin kiwon lafiya a matakin farko, a 1988 kuma ƙasar nan ta samu manufar lafiya ta ƙasa a rubuce. Mu ne muke shiga ƙauyuka da akwatin sanyi na allurar rigakafi, muna tara mata a ƙofar gidan mai unguwa muna nuna musu yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, muna roƙonsu su riƙe shayar da nono. Zuwa 1990 rigakafin yara ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Bayan tafiyarsa abin ya zube, da idona na ga firijin rigakafi ya koma wurin ajiye takardu.

Kuma mutum ne mai gaskiya ko da a kan gidansu ne. A 1997, lokacin da mutane suke jin kunyar ambaton cutar ƙanjamau, shi ya fito gaban 'yan jarida ya ce ita ta kashe ƙaninsa Fela. Ya rasu a 2003. Bai taɓa manna fosta ko ya tsaya takara ba, aikinsa ne ya sa aka neme shi.

Amma ni abin da ya tsaya mini a maganarki shi ne likitoci biyu. Idan Dakta ya tafi, wa zai tashi ƙarfe biyun dare ya shiga tiyata? Na yi aiki a asibitin da likita ɗaya ya rage, na san yadda ake sa mace mai zubar jini a bayan akori-kura a nufi birni, na kuma san nawa ne ba sa kaiwa. Dattawan da ke zarya gidanku, matansu da 'ya'yansu ne za su shiga wannan motar. Ki tambaye shi wannan a hankali, shi ma ya san amsar.

Na Misau:
Hajiya, ki ƙara masa da labarin ɗan garinmu, Farfesa Muhammad Ali Pate. An haife shi a 1968, ya yi likita a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi aiki a Gambiya da Amurka da Bankin Duniya. A 2008 aka ba shi hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa. Shekarar nan yara 798 cutar shan inna ta kama a Najeriya. Ya bi ta hannun Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa, hakimai da dagatai suka shiga aikin rigakafin, zuwa 2010 adadin ya sauko 21. Shi ne kuma ya kawo shirin tura ungozoma zuwa asibitocin karkara a 2009. Ya yi ƙaramin ministan lafiya daga 2011, ya ajiye da kansa a 2013. A 2023 an zaɓe shi ya shugabanci Gavi, ƙungiyar rigakafi ta duniya, ya bar wannan ya dawo ya karɓi ministan lafiya.

Duk da wannan suna, ya nemi gwamnan Bauchi ba sau ɗaya ba, bai samu ba. A 2019 har PRP ya koma ya tsaya, ƙuri'ar ba ta zo ba. Mutumin da duniya ta yarda da aikinsa, akwatin zaɓe bai ba shi ba. Godiyar da mutane suke yi wa likita a bakin asibiti gaskiya ce, amma ba ita ake ƙirgawa ranar fid da gwani ba, goyon bayan 'yan jam'iyya ake ƙirgawa, su kuma akwai mai riƙe da su.

Malamin Sakandare:
Ni ban yarda da yadda maganar take tafiya ba, kowa yana ja masa baya. Idan duk mai ilimi da tsoron Allah ya ce siyasa ba tasa ba ce, wa muke so ya je? Dakta ya faɗi gaskiya, maganin da babu a asibiti a majalisa ake hana shi ko a bayar. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ƙananan asibitoci, Sanata Ifeanyi Okowa ne ya tsaya mata a majalisar dattawa, kuma likita ne. Kuɗin ba su shiga kasafi ba sai a 2018, wajen naira biliyan 55, lokacin da shugaban majalisar dattawa Bukola Saraki da shugaban kwamitin lafiya Lanre Tejuoso duk likitoci ne. Ko me mutum zai ce game da siyasarsu, wannan kuɗin yana isa ɗakunan shan magani a ƙauyuka yau. Sista, ina girmama maganarki, amma likita ɗaya a kwamitin lafiya zai iya sa a ɗauki likitoci goma. Hajiya, ki mara masa baya.

Sista Mai Ritaya:
Malam, zai iya, idan ya ci, idan aka sa shi a kwamitin, idan aka saurare shi a zuwansa na farko cikin 'yan majalisar wakilai 360. Ita kuwa mai naƙuda ta watan gobe tabbas tana nan tafe.

Lauyan Unguwa:
Hajiya, ga abin da ya shafi doka da aljihu. Tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, amma ƙa'idar aikin gwamnati ba ta yarda ma'aikaci ya riƙa yawon jam'iyya yana kan aiki ba, don haka yawanci tun kafin fid da gwani ake ajiyewa. Ranar da ya ajiye, albashi ya tsaya, gidan asibiti kuma za a nemi mukulli. A 2022 fom ɗin majalisar wakilai naira miliyan 10 ne a APC, miliyan biyu da rabi a PDP, kuma fom shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a kashe. Ga 'yan jam'iyya, ga motoci, ga masu sallama a ƙofar gida tun asuba. Ki tambaye shi: dattawan nan su za su sayi fom? Idan wani attajiri ne a bayansu, me yake so a biya shi da shi? Ba a fafe gora ranar tafiya, a san wannan tun yanzu.

Ko an kai ga kujerar ma akwai abin lura. Farfesa Adenike Grange likitar yara ce da duniya ta sani, ita ce mace ta farko da ta riƙe ministar lafiya, a 2007. Ba ta cika shekara ba ta sauka a watan Maris na 2008, saboda zargin raba naira miliyan 300 na ragowar kasafin ma'aikatar. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta sallame ta, amma kujerar ta riga ta tafi, sunan da ta gina shekara da shekaru ya sha jifa. Wanda bai san yadda takardun ma'aikata suke tafiya ba, ana iya kawo masa abin da zai sa hannu a kai ya jawo masa.

Idan ya dage sai ya yi, kada ya bari lasisinsa na likita ya mutu, ya riƙa sabunta shi duk shekara. Kuma ku samu gidan kanku ko na haya kafin ya rubuta takardar ajiye aiki.

Uwargidan Likita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare bayan yara sun kwanta na karanta masa duka, har da na Malam da ya goyi bayansa. Ya yi shiru a kan maganar Baba Ɗan Zazzau, ya ce bai taɓa lura da shekarun Tafida lokacin da ya fito takara ba. Maganar fom kuwa, ashe dattawan ba su taɓa tayar da ita ba, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Ya yi alkawarin zai tambaye su ranar Juma'a, kuma ya ce ba zai ajiye aiki ba sai an turo wani likitan da ya iya tiyata, zai rubuta wa hukumar asibitocin jiha a kan haka. Bai ce ya fasa ba, ni ma ban ce ya fasa ba.

Saura guda ɗaya. Hajiya mahaifiyarsa tana son takarar sosai, har ta fara gaya wa ƙawayenta. Ina jin nauyin in je mata da wannan magana, kada a ce matarsa ce ta hana shi. Yaya zan yi?

Sista Mai Ritaya:
Kada ki je da kanki, ƙanwata. Ki samu yayansa ko kawunsa wanda Hajiya take jin maganarsa, shi Dakta ya zaunar da shi ya faɗa masa lissafin albashi da gida da fom da bakinsa, sai su je wurinta tare. Ke ki ci gaba da kai mata gaisuwa yadda kika saba, idan ta tayar da zancen ki ce addu'arta kuke nema. Takardar da zai rubuta wa hukuma kuma, ya sa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi su ma su rubuta tasu a haɗa, ta fi saurin samun amsa.