Firam ɗin tagar tsohon tarago ya ruɓe daga ƙasa

Kafintan_Tasha: Salamu alaikum. Taragon fasinja ne na kamfanin jiragen ƙasa na LNER na Ingila, ƙirar injiniya Gresley ta shekarun 1930, jikinsa katakon tik. Tagar ƙofa ce, irin wadda ake saukewa cikin ƙofar da ɗamarar fata. Katakon ƙasa na firam ɗin ya ruɓe, na gefe biyu da sauran ƙarfinsu. A yi faci ko a sake sabo? Da wane katako?

Baba_Mai_Zarto: Wa alaikumus salam. Malam, soka tsinin wuƙa a ƙasan katakan gefen tukuna. Ruwa ta bakin katako inda aka yanke shi yake shiga, to in ƙasa ya ruɓe, da wuya harshen katakon da ke shiga ramin ɗan'uwansa a kusurwa ya tsira. In wuƙar ta nutse, sake firam ɗin gaba ɗaya, amma ka ajiye tsohon don awo. Haɗin rami da harshe za ka yi, kaurin harshen sulusin kaurin katakon. Ban da ƙusa a kusurwa, girgizar jirgi za ta sassauta ta.

In tik ya yi tsada, loko ya wadatar, shi Turawa ma ke saye daga Afirka ta Yamma a madadinsa. Ya bushe dai, danshinsa kamar kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari.

Hajiya_Injiniya: Ƙari kan bayanin Baba: tik da loko duk suna da maiƙo, gam ba ya kama su da kyau. A goge wurin haɗin da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, a bari ya sha iska, a shafa gam ɗin epoxy nan take. Sukurori kuwa na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe yana ɓata katako da baƙin tabo. A fara huda rami, don na tagulla saurin karyewa gare shi.

Baba_Mai_Zarto: Haka ne, Hajiya. Sannan Malam, leƙa gindin ƙofar. Akwai ƙofofin fitar ruwa a can, galibi datti ya toshe su, tagar ta sauka ta zauna cikin ruwa. In ba ka buɗe su ba, sabon ma ruɓewa zai yi.

Kafintan_Tasha: Na gode ƙwarai. Gilashin fa?

Hajiya_Injiniya: Gasasshen gilashi, wato wanda aka ƙara wa ƙarfi da zafin wuta, ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka gama firam ɗin kafin ka ba da awo. Rage milimita 2 a kowane gefe saboda kumburin katako da damina. Banish ɗin farko a tsinka shi ya shiga jiki, har cikin gurbin gilashin.