Kai yaro Maraɗi ko Damagaram neman dangi: abin da aka tattauna

Tambayar da aka tattauna ita ce yadda za a kai yaro daga Najeriya zuwa Jamhuriyar Nijar don neman dangin kakansa.

1. Kowa ya yarda a fara daga gida. A zauna da tsofaffin Katsina ko Daura a rubuta sunan kaka, laƙabinsa, sana'arsa da unguwar da ya sauka. A can Nijar, da laƙabi da zanen fuska ake gane zuri'a, suna kaɗai ba ya isa.

2. Takardun yaro: fasfo nasa na kansa, takardar haihuwa, da wasiƙar amincewar mahaifi idan uwa ko kawu ne zai tafi da shi. Allurar shawara tun daga wata 9, kuma katin sai bayan kwana 10 yake aiki.

3. Maraɗi ta Jibiya, Damagaram ta Kongolam. A canji sefa kafin tsallakawa, a isa da rana.

4. A fara sauka wurin mai unguwa da goro, shi zai haɗa ku da dattawa.

Ra'ayi ya rabu kan amfani da takardar tafiya ta ECOWAS tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025. Mafi yawa sun ce fasfo ya fi kwanciyar hankali. Shekaru ma haka: wasu sun ce ɗan shekara 7 ya isa, wasu sun ce a bari sai zai riƙe sunayen kakanni.