Golf 2 mai injin Golf 3: tana ɗumama sai ta mutu, fulogi baƙi ƙirin

Sagir_Golf2:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 2 ta 1989 da na gada a wurin kawuna, shekara biyu ina lallaɓa ta a kangon bayan gidanmu. Injinta na asali ya riga ya buga, sai na sayo injin Golf 3 GTI mai lita 2.0, wanda ake kira 2E, a Ƙofar Ruwa. Bakanikena ya ce injekta ciwon kai ne, muka cire ta da kwamfutar injin gaba ɗaya, muka ɗora kafireta. Famfon mai kuwa na Golf 3 ɗin muka sa, rewaya ya haɗa shi da makulli kai tsaye.

Da safe bugu ɗaya take tashi. Amma minti goma bai cika ba sai ta fara kakkarwa a silo, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, daga nan ta mutu. Ba ta sake tashi sai na take totur har ƙasa. Na canza fulogi sau uku, kowanne na ciro shi baƙi, a jiƙe. Jiya na duba baƙin mai na ga ya haura alamar sama, alhali ban ƙara ko cokali ba. Bakaniken ya ce ringi ne, a sauke inji. Ni dai aljihuna ya ce a fara tambaya.

Baba_Kanike_Panteka:
Wa alaikumus salam. Yarona, kada ka bari a taɓa ringi tukuna. Hayaƙin ringi shuɗi-shuɗi ne, mai ƙaurin baƙin mai. Naka baƙi ne, wato fetur ya yi wa injin yawa. Zaro ma'aunin baƙin man ka shinshina, na san warin fetur za ka ji.

Laifin yana wurin famfon nan. An yi shi ne don injekta, wadda ke aiki da ƙarfin turi wajen bar 3 (bar ma'aunin ƙarfin turi ne). Kafireta kuwa abin da take so bai wuce 0.2 zuwa 0.3 ba. A cikin kwanonta akwai 'yar allura da ke toshe hanya idan mai ya cika. Yaya ƙaramar allura za ta tare turin da ya ninka ƙarfinta sau goma? Sai man ya banke ta, ya malala cikin inji, ya wanke bangon silinda, ya gangara ya haɗu da baƙin mai. Shi ne ƙarin da ka gani.

Gwada da kanka: cire matatar iska, murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, leƙa maƙogwaron kafiretar da tocila. In ka ga mai na ɗiga, magana ta ƙare. Amma don Allah a waje, kuma mai taba ya yi nisa. Magani: ƙaramin famfo na kafireta, ko abin rage turi mai tiyon mayar da rara zuwa tanki. Ka zubar da baƙin man nan yau, ya riga ya tsinke.

Ɗan_Tasha:
Oga ni ina ganin zafi ne. Ka cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, haka muke yi wa namu.

Baba_Kanike_Panteka:
Ɗan Tasha, ai bai ce tana tafasa ba. Tamostat ɗin injinan nan a digiri 87 yake buɗewa, kuma a wannan zafin inji yake ƙona mai yadda ya kamata. In ka cire shi ƙara wa fulogin baƙi za ka yi.

Rewaya_Auwalu:
Baba ya gama magana kan mai. Ni tambayata, wace distiributa, wato mai raba wa fulogi wuta, ce a kai? In ta 2E ɗin ce, babu abin da ke matsar da wuta gaba a cikinta, aikin kwamfutar da kuka cire ne. Ko ka gyara mai, motar za ta yi nauyi a kan hanya. Nemi ta Golf 2 mai kafireta, mai ɗan gwangwani a gefe da siririn tiyon iska, ka tabbata jerin wayoyin fulogi 1-3-4-2 ne. Sannan haɗa famfo da makulli kai tsaye ganganci ne: Allah ya kiyaye haɗari, inji ya mutu, famfo na ci gaba da feso fetur. A sa masa rile, wato makunnin da zai yanke masa wuta idan inji ya tsaya. Ni da tawa ce ma, da injektar zan mayar, amma na san ba za ka ji ba.

Sagir_Golf2:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na leƙa, ba ɗiga ba ne ma, zuba yake kamar an buɗe buta. Mun sa ƙaramin famfo, mun juye baƙin mai, mun canza allurar don bakinta ya ci. Yau ta yi rabin awa a silo ba ta yi tari ba, fulogin da na ciro ya koma ruwan ƙasa. Malam Auwalu, ka canka, distiributar ta 2E ce, kuma na ji nauyin a giya uku. Ranar Asabar zan shiga kasuwa neman ta Golf 2 ɗin. Injektar kuwa tana cikin buhu a ɗakin kaji, bar ta ta huta.