Neman shawara: na yi wa ɗalibai alkawarin kallon taurari, madubin kuma ya ƙi nuna komai

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar kuɗi, ina koyar da 'yan ƙaramar sakandare. A zangon da ya wuce muna darasin rana da duniyoyin da ke kewaya ta, sai wata yarinya ta tambaye ni ko Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, don kakarta ta ce daban suke. Nan aji ya kaure da tambayoyi, ni kuma daɗi ya kama ni har na yi musu alkawarin za mu kalli sama tare. Shugaban makaranta ya yarda, amma ya ce babu ko sisi. Sai na kwashi adashina, wanda na ware don keken ɗinki, na ba ƙanin maigidana da ke zuwa sari Legas ya sayo min madubin hangen nesa. Shi ma sai da ya ja min rai, yau ya manta, gobe kuɗin bai kai ba, har na cika masa daga kuɗin cefane, abin da ya jawo 'yar magana a gida. A jikin kwalin akwai hoton duniya mai zobe, an rubuta yana ƙara girman abu sau ɗaruruwa. Amma in na leƙa baƙi ƙirin nake gani. In na dace da tauraro, ɗigo ne kawai yana rawa, kafin in kira wani ya gudu. Ga kuma mahaifin wata ɗaliba ya zo ofis wai ina koya wa yara duba. Saura mako biyu. Yaya zan yi?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki faɗi garinku ba, ba ki faɗi irin madubin ba, ba ki faɗi ƙarfe nawa kike fita ba. Amma ki mayar da shi kwalinsa. Tauraro ko a babban madubi ɗigo yake zama, saboda nisa. Gudun da kika ga yana yi kuwa juyawar ƙasa ce, madubi ya ƙara mata sauri a idonki. Duk ilimin falaki, wato nazarin sararin samaniya, kafin 1609 da ido tsura aka gina shi. Masani Batlimusa na Iskandariya ta Masar, wajen shekara ta 150, ya lissafa taurari sama da 1,000 a rukunai 48. Abdurrahman As-Sufi ya gyara lissafin a 964, har ya ambaci wani ɗan gajimare wanda yau aka san tarin taurari ne na Andromeda. Babu mai madubi a cikinsu. Ki fara da abin da yara suka sani: Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Ki nuna musu taurari uku da suke jere reras a tsakiyar rukunin taurari na Jauza'u (Orion), ku bi layinsu ta gefe ɗaya ku iske Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Ku bi ɗaya gefen ku wuce tauraron Dabaran mai ja-ja, ku faɗa kan Kaza. Darasi ya kammala. Amsar yarinyar kuma: abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce. In ta fito yamma bayan magariba mu ce Zara, in ta fito gabas da asuba mu ce Gamzaki.

Maman Walid: Na gode Baba. Amma yaran sun riga sun ga kwalin, kullum tambayata suke yi. Kuma ban sayi araha ba, mai shagon ya tabbatar wa ƙanin maigidana mai kyau ne.

Abu Sadik: Malama kar ki ajiye shi. Cikin ƙananan gilasan da ake sa wa ido, ɗauki wanda lambarsa ta fi girma, shi ne ke nuna fili mai faɗi. Ɗan ƙaramin madubin da ke bisa, ki saita shi tun gari na da haske a kan ƙarfen sabis mai nisa har su biyun su nuna abu ɗaya. Amma ko da wasa kar ki juya shi wajen rana, yana makantarwa nan take. Ki fara da wata ɗan kwana 7, ramukansa sun fi fitowa a bakin inuwa. Mushtari (duniyar Jupiter) ma za ki ga manyan watanninsa huɗu, waɗanda Galileo ya gani a 1610 da madubin da wataƙila bai kai naki ba. Ki sauke manhajar Stellarium a waya ta nuna miki inda yake.

Tsohon Malami: Waya ita ce ke kashe abin. Ido na buƙatar kamar minti 20 ya saba da duhu, hasken waya ya ɓata shi cikin daƙiƙa. Kuma yaro 40 a layin madubi ɗaya mai ƙafafu marasa ƙarfi, kowa ya taɓa sai an sake nema? Na koyar, na san abin da nake faɗa.

Hajiya Ta Sabon Gari: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne malama ta sa kuɗinta. Haka suke mana. Na yi shekaru ina sayen alli da jan biro daga albashina, ranar da na kwanta ciwo aka yanke min kuɗin kwanakin. In abin ya yi kyau sunan makaranta ne, in ya ɓaci ke ce. Ki karɓi kuɗinki tukuna.

Baban Ummi: Ku yi wa mahaifin nan adalci. Ni ma da na ji "ilimin taurari" masu buga ƙasa nake tunawa. Kuma fitar da 'ya'ya mata da dare ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. In dole ne, a yi daren sha huɗu, gari da haske.

Tsohon Malami: Daren sha huɗu farin wata ke shafe taurari, sai manyan kaɗai. Batun duba kuwa, malamai sun daɗe da rabewa. Wanda ya ce tauraro kaza ne zai kawo maka arziki ko mutuwa, wannan tanjimi ne, an hana. Sanin tafiyar rana da wata don lokacin salla, alƙibla da lissafin watanni kuwa, Suratu Yunus aya ta 5 ta ambaci manzilolin wata don a san adadin shekaru da lissafi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, Annabi ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Masanin falaki Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya auna tsawon shekara da kuskuren da bai wuce 'yan mintuna ba. 'Yata, ki daina cewa "ilimin taurari" a takardar iyaye, ki rubuta falaki, ki gayyaci mahaifin ya zo ya tsaya. Ki tambaye shi me ya sa azumi ke matsowa da kwana 11 kowace shekara. Amsar tana cikin darasinki: shekarar wata kwana 354 ce.

Ɗan Damagaram: Mu nan hazo ne matsalar. Lokacin da Kaza ta fi kyau da magariba shi ne hunturu, ƙura ta rufe komai. Tauraron arewa a wajenmu digiri 14 kawai yake bisa ƙasa, a Kano kamar 12, sau da yawa ba a ganinsa sam. Me zai hana ki yi da rana? Eratostenis, wani masani Bagirke, ya auna kewayen duniya da inuwa, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa. A garin Aswan na kudancin Masar, a yinin da ya fi tsawo a shekara, rana na tsaka babu inuwa, a Iskandariya inuwar ta karkata kusan digiri 7, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan sau 50. Sanda da awo kawai kike buƙata, da wata makaranta a gari mai nisa kudu ko arewa da ku. Babu fitar dare, babu rigima.

Maman Walid: Dabara ce mai kyau, amma ba inuwa na yi musu alkawari ba. Kuma Baban Ummi, ba tsakar dare ba ne, bayan magariba ne cikin harabar makaranta. Hajiya, ba don makaranta na saya ba, don yaran ne. Abu Sadik, gilasai biyu ne a kwalin da wani dogon bututu, na haɗa su duka don ya fi ƙarfi.

Abu Sadik: Cire bututun nan, shi ke ninka girma ya ƙara duhu da rawa. Me aka rubuta a jikin gilasan?

Tsohon Malami: Ko ta cire, ƙafafun ba za su tsaya ba. A shimfiɗa tabarmi, kowane yaro ya zana abin da ya gani, bayan wata ɗaya a dawo a lokaci guda su ga taurarin sun matsa yamma, don kullum suna riga jiya fitowa da kusan minti 4.

Hajiya Ta Sabon Gari: Har yanzu ba wanda ya ce wa zai biya kuɗin motar mayar da yaran gida.

Maman Walid: Zan duba lambobin in na koma gida, kwalin yana ɗakin uwar mijina. Shugaban ya kira yanzu, wai mahaifin ya dawo da wasu iyaye biyu, in same su gobe ƙarfe takwas. In tafi da madubin su gani, ko in bar shi?