Zan fara kiwon awaki a gida, ku ba ni shawara

Uwargida daga Gusau:
Assalamu alaikum. Na ɗauki adashina wannan watan, ina so in zuba shi a kiwo maimakon ya narke a cefane. Bayan ɗakina akwai ɗan fili, taku goma ne a tsaye, da bishiyar darbejiya a gefe. Ban taɓa riƙe ko ɗan akuya ba. Maƙwabciyata ta ce in sayi biyar har da bunsuru, maigida kuma ya ce biyu sun isa. Wanne zan bi? Kuma yaya zan gane mai lafiya, kada dillali ya manna mini wadda ta gama yayinta?

Dattijo daga Acida:
Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar maigidanki ita ce daidai. Sayi mata biyu, jar akuyar Sakkwato, ta san zafinmu kuma tana yawan tagwaye. Bunsuru a ƙaramin gida fitina ne, ga wari ga cin abinci. Idan lokacin barbara ya yi, ki aro na maƙwabta. Cikin akuya wata biyar ne.

A kasuwa kada ƙiba ta ruɗe ki. A buɗe miki bakinta. Idan manyan haƙora biyu ne suka fito a gaba ta ƙasa, sauran ƙanana, ba ta daɗe da haura shekara ba, ita kike nema. Wadda haƙoranta suka cinye ko suka yi giɓi, bar musu abarsu. Ki ja fatar ido ƙasa: ja-ja ake so, idan fari fat ne tsutsa ta shanye jininta. Ki ɗaga wutsiya ki duba ko zawo ya ɓata wurin, ki kalli hanci ko da majina. Ki shafa hantsar, nono biyu lafiyayyu, babu ƙullutu. Kuma ki tafi da wanda ya san dabba, ba ɗan dillalin ba.

Malamar dabbobi, Kano:
Ƙari kan maganar Baba. Yaya, kina kawo su gida ki nemi ma'aikacin dabbobi ya yi musu allurar rigakafin PPR, cutar nan mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, wadda ke share garke. A Vom ta Jihar Filato ake haɗa allurar, kuma guda ɗaya tana kare su shekara 3. Maganin tsutsa a ba su farkon damina da ƙarshenta, amma albendazole ba a ba mai sabon ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne leda. Akuya ta yi ta rama ciki na kumbura, sai an yanka a tarar da dunƙulen leda a tumbi. Don Allah ki riƙa share filin nan kullum.

Maman biyu, Maraɗi:
'Yar'uwa, kuɗin nan kada ki ƙarar da shi a kan awakin. Ware na harawa da kowar wake tun da kaka suna araha, ki ɗora bisa rumfa, don da bazara tsadarsu sai ta sa ki kuka. Dusa da ɗan gishiri ko kanwa da safe, ruwa mai tsabta a gabansu. Hatsi ko ragowar tuwo da yawa lokaci guda yana kumbura musu ciki. Ki yi musu rumfa da ɗan dakali, ba sa son kwana kan laima.

Uwargida daga Gusau:
Allah Ya saka da alheri. Biyu zan saya. Baba, in ɗaure su a turke ne, ko in kewaye wurin da zana in sake su?